Zauren Aiki a Waya: Jagora ga Masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Wajen ƙarfe biyun dare injin narkar da roba ya tsaya cak a wata masana'antar buhu da na yi wa aikin lissafi a Sharaɗa. Sufabaizan masu aikin dare ya buɗe akwatin wutar injin, ya haska fitilar wayarsa, ya ɗauki hoton abin da ya ƙone har da lambar da ke jikinsa, ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata. Injiniya yana gidansa a Hotoro. Da ya idar da sallar asuba ya duba waya, ya gane kayan daga hoton, ya rubuta: "Kada kowa ya taɓa, zan taho da sabo." Ana buɗe shaguna a Sabon Gari ya saya, kafin sha ɗayan rana inji ya tashi. A da sai ya zo ya gani da idonsa, ya ratsa gari zuwa kasuwa, ya sake ratsowa. Yini ya tafi ke nan, ma'aikata na zaune.

A wannan guruf ɗin dai, ba a rufa wata ba, maigidan kamfanin ya turo saƙon murya daga Saudiyya ranar Alhamis da daddare, cewa an ƙara kuɗin damin buhu daga safiyar Asabar. Gari ya waye Juma'a. Gaisuwa ta yi ta sauka, da hotuna da addu'o'i da guntayen wa'azi, har saƙon ya nutse. Yaron da ke riƙe da shagonmu na Dawanau bai ji shi ba, ya sayar da lodin mota guda a tsohon farashi. Ni na zauna na lissafa asarar, kuma ina wurin lokacin da ake ce masa "ai an faɗa a guruf", ya sunkuyar da kai ya rasa ta cewa. An faɗa ɗin, gaskiya ne, amma ta hanyar da ba za ta isa kunnensa ba. Tun ranar nake kallon guruf a matsayin zaure: wurin sanarwa, wurin tambaya, wurin kiran gaggawa. Abin da ya shafi kuɗi da kaya kuwa, in an faɗe shi a zaure sai an shigar da shi cikin gida an rubuta.

In ana maganar ma'aikatan da ke aiki nesa da juna, wasu kan ɗauka sai irin na Turai, kowa a ɗakinsa da kwamfuta a cinya. Masana'antun Kano sun daɗe da irin nasu. Ofis yana Bompai, injuna suna Sharaɗa ko Chalawa can wajen Panshekara, wakilin fiton kaya yana Apapa ko Tin Can a Legas, direban tirela yana wani wuri tsakanin Lokoja da Kaduna. Masu sayarwa suna Kwari da Singa da Ƙofar Wambai, wani ma yana Maraɗi. Mai sayen fata ko riɗi yana bin kasuwannin ƙauye. Da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a farkon 2023, masu shigo da kaya sun sami ƙarin wurin ajiye mutum. Kullen korona na Afrilun 2020 ne ya tura har dattawan manajoji cikin guruf, kuma daga nan ba su fito ba.

Batun wace manhaja za a ɗauka bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Slack da Microsoft Teams an ƙera su ne don aiki tun farko: kowane batu da ɗakinsa, amsa tana bin ƙarƙashin tambayarta, kamfani ne ke riƙe da asusun kowa, kuma ana iya binciko tsohuwar magana. Sai dai na kyauta a Slack saƙonnin kwana 90 kawai yake nuna maka, na biya kuma kuɗinsa kan kowane mutum ne kowane wata, da kuɗin waje, abin da ya ƙara ɗaci tun da naira ta faɗi a 2023. Teams ya fi dacewa da kamfanin da dama yake biyan Microsoft 365, ma'aikatan ofis ɗinsa na kan kwamfuta. Dukansu biyu sukan yi wa ƙaramar waya nauyi, kuma suna son mai karatun boko. Telegram yana ɗaukar jama'a masu yawa, yana iya nuna wa sabon shiga tsohuwar magana, amma guruf ɗinsa ba shi da irin kullen sirrin da WhatsApp ya sa tun 2016. WhatsApp kuwa yana wayar direba, yana wayar mai gadi, yana wayar Alhaji. Shawarata ga matsakaiciyar masana'anta ita ce: 'yan ofis su yi Teams ko Slack in da hali, amma duk abin da zai kai bakin inji da kan hanya a bar shi a WhatsApp, a gyara masa zama. Sauran bayanin nan a kan gyaran zaman ne.

Fara da layi. Yawancin guruf ɗin aiki a garin nan wani yaro ne mai kaifin hannu ya buɗe da lambarsa, shi ne admin shi kaɗai. Ran da ya bar aiki, ko aka ƙwace masa waya a hanya, zauren ya zama marar mai shi. A sayi layi da sunan kamfani, a sa shi a wayar da ke kwana a ofis, a haɗa ta da kwamfutar akanta. Da wannan lambar za a buɗe kowane zaure, sannan a naɗa admin biyu ko uku daga manya. A kunna makulli na biyu, wato lambobin sirri shida da WhatsApp ke tambaya in an so ɗora lambar a wata wayar, a ajiye su wurin mutum biyu. A riƙa sa wa layin kati ana kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfanin sadarwa kan karɓe shi ya sayar wa wani.

Sai rabon zauruka. WhatsApp ya yarda mutum 1,024 su shiga guruf ɗaya, amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A buɗe zauren sanarwa wanda admin kaɗai ke iya rubutu a ciki. Nan ne wurin sabon farashi, canjin lokacin aiki, ranar hutu. Da muna da shi, da yaron Dawanau bai sunkuyar da kai ba. A buɗe na injuna da wuta, na lodi da hanya, na ciniki. Kowa a sa shi inda aikinsa ya shafa kawai: direba ba ya buƙatar ganin rigimar gyaran tukunyar tururi, makaniki ba ruwansa da farashin dila. Tun 2022 akwai tsarin da ke tara guruf da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya mai allon sanarwa guda, ya dace da wannan.

Kada kuma a kashe gaisuwa. Na ga manajan da ya hana ta gaba ɗaya, zauren ya yi tsit har mutane suka daina kawo rahoton ma. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma ma'aikacin da aka yi wa barka ran sunan ɗansa, aka yi masa ta'aziyya ran da ya rasa mahaifiya, ya fi riƙe amanar inji. A ba zumunci zaurensa daban, Juma'a da biki da suna da jaje duk su tafi can, shi ma maigida ya riƙa leƙawa.

Yanzu ga yadda ake rubuta saƙon aiki. Sallama a taƙaice, sai wuri, sai lokaci, sai abin da ya faru, sai abin da ake so, sai sunan wanda ake jira. Misali: "Salamu alaikum. Inji na 3, Sharaɗa. Ya tsaya 2:10 na dare, bel ya tsinke, ga hoto. Ana son sabo kafin 8:00. Malam injiniya, kai muke jira." Ko na direba: "Na bar Lokoja 6:30, mota lafiya, gas zai kai ni Zariya. Yallaɓai manaja, a shirya masu sauke kaya gobe da hantsi." Duka a saƙo ɗaya. Akwai masu rubuta "Salam", su jira, su rubuta "Oga", su jira, sai a saƙo na biyar a ji matsalar. Kafin nan wanda ake nema ya ajiye waya. Sunan wanda ake jira shi ne ginshiƙi, domin abin da aka jefa wa mutum arba'in kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ne zai yi.

Amsa ma tana da nata. "To" a bakinmu kalma ce mai faɗi: tana nufin na ji, tana nufin na yarda, wani lokacin tana nufin ina jin nauyinka ba zan musa ba. "To, ranka ya daɗe" daga ƙaramin ma'aikaci ladabi ne, ba alƙawarin lokaci ba ne. Haka alamar shuɗin layi biyu, tana nuna an buɗe saƙo ne kawai. A koya wa kowa amsa iri uku: "na gani, zan gama kafin la'asar", ko "na gani, ba zai yiwu ba saboda kaza", ko "an gama" tare da hoto. Babba ne zai fara nuna cewa ta biyun ba rashin kunya ba ce, in ba haka ba babu yaron da zai furta ta.

Saƙon murya shi ne babbar ni'imar wannan abu a wurinmu, shi ne kuma babbar ƙofar ɓarna. Akwai ƙwararrun masu jima a Chalawa da suka shekara talatin suna aikin fata, sun san ta fiye da duk mai digiri a kamfanin, amma rubutun boko ba ya yi musu sauri. Murya ta ba su baki a zaure. Direba ma ya fi iya magana a kan rubutu. Ga kuma masana'antun da injiniyoyinsu Indiyawa ne ko 'yan Sin ko Kwarori, inda Hausa da Turanci da Buroka ke cakuɗe a wuri ɗaya. To amma murya ba a binciko ta kamar rubutu. Bayan wata uku, in ana neman ranar da aka ce a sauya mai kawo sinadari, sai an zauna an saurari saƙo ɗari. A tsakiyar ƙarar injuna ba a jin ta. Lamba kuma tana rikicewa a kunne: sha biyar da hamsin sun sha jawo faɗa, musamman in da Turanci aka faɗe su. Don haka kada murya ta wuce minti ɗaya, kuma duk wadda ta ƙunshi adadi, farashi, rana ko lambar mota, a bi ta da layi ɗaya a rubuce. Wanda ba ya rubutu, a sa magatakardan sashensa ya rubuta a madadinsa nan take, shi kuma a karanta masa ya tabbatar.

Hoto ma yana da iyakarsa. Gani ya kori ji a kan webil, rasit, lambar kwantena, mitar janareta. Amma WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa kyau, don haka takarda mai ƙananan rubutu a tura ta a matsayin fayil. Fata kuwa, ko launin rini, ko kaurin zaren buhu, kada a yanke musu hukunci daga waya. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi kyau a hoto tana iya ɓoye yankan wuƙa da sai an miƙa ta an shafa da hannu ake ji. Launi kuma yadda ya fito a wayar mai aikawa daban, a ta mai karɓa daban.

Wurin kuɗi ne nake roƙon a fi tsanantawa. Damfarar da ta fi yawa yanzu ga yadda take: wani zai kira ma'aikaci da ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗinsu, ya ce za a yi taro ta intanet da yamma, an turo masa lambobi shida, ya karanto don a sa sunansa. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne. Yana karantawa an ɗauke asusun, sai a shiga zaure da sunansa da hotonsa ana neman a tura kuɗi. In wanda aka kama manaja ne ko ɗan maigida, kashiya ba zai yi gardama ba. A tara ma'aikata a gaya musu baki da baki cewa babu wanda zai taɓa neman waɗannan lambobi da gaskiya, kowa kuma ya kunna makulli na biyu a gaban admin. Sannan a kafa doka wadda ta hau kan kowa har mai kamfani: ba a fitar da kuɗi, ba a sauya lambar asusun wanda ake biya, ba a sakin kaya, da saƙon guruf kaɗai. Sai an kira mutumin a lambar da aka sani, sai kuma takarda ta biyo baya. Murya ma yanzu ana kwaikwayonta da na'ura. Hoton alat kuma ba kuɗi ba ne, akanta ya duba asusu da kansa kafin mai sito ya buɗe ƙofa. In kashiya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, bari in kira ka in tabbatar," a yaba masa a gaban jama'a.

Dalilin da ya sa nake cewa a kwashe magana daga zaure a kai littafi shi ne, abin da ke waya ba ya zama. Mai saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi ga kowa har wajen kwana biyu, ana iya kunna tsarin da ke share saƙonni da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90. A kashe wannan tsarin a duk zauren aiki. Wanda aka ɗauka aiki yau kuma ba zai ga abin da aka tattauna bara ba. Gaskiya ne sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar na'ura a kotu, amma da sharuɗɗa, kuma wanda ya je gaban alƙali da webil mai sa hannu ya fi mai hoton fuskar waya kwanciyar hankali. A ɗora wa mutum ɗaya a kowane sashe alhakin kwashewa: a ƙarshen aikin safe da na dare ya bi zauren, ya shigar da abin da aka yanke a littafi ko a jadawalin kwamfuta, ya turo taƙaitawa layi biyar.

Ga inda wannan ke biyan kansa da kansa. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin A naira 225 kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana, lissafin wuta ya zama rai da mutuwa ga masana'anta. In mai kula da janareta yana rubuta "an ɗauke 1:40", "an kawo 4:15", "gas ya rage kaza" a zauren wuta, magatakarda kuma yana kwashewa kullum, a ƙarshen wata kamfani na da awannin da ya samu a rubuce. Da su zai zauna da kamfanin rarraba wuta na KEDCO, da su zai kai kuka reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da su kuma zai gane in gas na bin wata hanya.

Akwai haƙƙin ma'aikaci a cikin wannan, kuma shi aka fi takewa. Faɗa a guruf faɗa ne a gaban mutum hamsin, kuma yana nan a rubuce ana komawa ana karantawa. Magana zarar bunu ce. Dattijon da ya haifi manaja, in aka tsawata masa a zaure yara na gani, ba zai ce komai ba, amma daga ranar ya daina ba da shawara. Yabo a zaure, gyara a keɓe. Sai lokaci: waya ta sa aiki yana bin mutum har shimfiɗarsa. Faransa ta kai ga sa dokar 'yancin kashe wayar aiki bayan tashi a 2017. Mu ba sai mun jira doka ba, kamfani ya ce daga bayan isha'i zuwa asuba babu wanda ake bi bashin amsa sai mai aikin dare, in gobara ce ko inji ya kama hannun wani a kira kai tsaye. Lokacin sallar Juma'a da buɗa-baki ma haka.

Mata da yawa suna aiki a kamfanonin taburma da alewa da wuraren gyaran riɗi da zoɓo, kuma shiga guruf na nufin lambarsu ta fito ga kowa. A faɗa a fili cewa wanda ya ɗauki lambar abokiyar aiki daga zaure ya dame ta, hukunci zai hau kansa, a ba su kuma wata babba mace da za su kai wa ƙara. Takardar albashi, lambar NIN, takardar asibiti, ba a tura su zaure. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin tsare su. Data kuma kayan aiki ce kamar safar hannu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, lebura da ake tilasta wa buɗe bidiyon aiki da kuɗin cefanensa an zalunce shi. Kamfani ya saya masa.

Ran da ma'aikaci ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a yi masa sallama mai kyau a zauren zumunci, a cire shi daga sauran a ranar. A Sharaɗa katanga ɗaya ce ke raba ka da mai yin irin kayanka, kuma na san kamfanin da tsohon ɗan kasuwarsa ya yi wata huɗu yana karanta farashinsu daga sabon wurin aikinsa domin babu wanda ya tuna ya cire shi. Duk farkon wata admin ya ɗauki takardar albashi ya gwada da sunayen da ke kowane zaure.

Saura ranar da abin zai ƙi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya kusan awa shida. A Satumbar shekarar an rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, direbobi da masu sayen kaya a can suka yi makonni ba a jin ɗuriyarsu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma. A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, caji kansa ya zama abin nema. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane direba da wakili ya riƙe layin kamfanonin sadarwa biyu, ya san cewa in data ta ƙi sai tes, in tes ya ƙi sai kira, in duk sun ƙi ga abin da aka yarda ya yanke da kansa da abin da zai jira. A ajiye wurin cajin sola a ɗakin masu gadi. A buga lambobin injiniya, manaja, mai gas, asibiti mafi kusa da 'yan kwana-kwana a takarda da manyan baƙaƙe, a sa ta a leda, a manna ɗaya a bakin get, ɗaya a ɗakin janareta, ɗaya a jikin ƙofar sito, a riƙa sabunta ta duk lokacin da wani ya canja layi.